Kwana Shida a Mambila, Kyamara Cikin Leda

Ranar da muka bar Kano ban sa laima a jaka ba. Batir huɗu na ɗauka, da makirfo biyu, da sandar kyamara mai ƙafa uku, da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama wanda na yi wata bakwai ina tara kuɗinsa. Rigar ruwa kuwa ko a mafarki ba ta zo mini ba, alhali watan Agusta ne, tsakiyar marka. Da muka shiga yi wa mahaifiyarmu sallama ta dubi kayan da muka jibge a tsakar gida ta ce, "To ni ban ga abin rufa ba." Na ce, "Umma, ai ba daɗewa za mu yi ba." Ba ta tanka mini ba, ta shiga ɗaki ta zaro wani tsohon bargo mai nauyi daga ƙasan akwatinta ta miƙa wa ƙanena. Shi ya karɓa da hannu biyu, ni ina gefe ina dariya.

Shekara biyu ke nan ina ɗora bidiyon tafiye-tafiye a YouTube da Facebook, ƙanena ke riƙe mini kyamara. Mun hau Dala da Gwauron Dutse, mun je Kufena a Zariya, mun yi wanka a ruwan Wikki a Yankari. Amma duk a rani muka yi waɗannan, saboda haka wahalar da na sani ita ce ta ƙura da rana: ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa ta kyamara, da zafin Afrilu da ke sa waya ta ɗauki zafi ta kashe kanta ana tsakiyar magana. Ruwa ban taɓa karawa da shi ba. Mambila kuwa, tudun nan na jihar Taraba, a bidiyon mutane na san ta, tuddai kore shar, sama shuɗiya tas, shanu sun bazu kamar an zana su. Ba wanda ya taɓa nuna mini ranar da ta gabaci wannan ranar, ko wadda ta biyo bayanta.

Hanyar ba ta da wani labari sai gajiya. Gombe, Kaltungo, muka haye gadar Numan a kan Binuwai, muka kwana Jalingo. Da asuba muka shiga motar Gembu, muka bi ta Garba Chede da Bali har Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991 kuma babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya. A Serti zufa muke yi sharkaf. Na tuna har na yi wa ƙanena tsiya, na ce ya ɗauko bargon Umma ya rufa.

A Mayo Selbe direba ya tsaya, ya zagaya motar yana duba tayoyi, ya ƙara ruwa a lagireto, ya ce duk mai addu'a ya yi. Daga nan hawan ya fara. Akwai wurin da ake kira Biyu da Sisi, suna ne tun na zamanin sule da sisi, titin ya yi ta nannaɗewa a jikin dutse kamar rawani, hagu dutse, dama rami wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Kunnuwana suka toshe. Na fito da kyamara ta taga ina ɗauka, ina jin daɗi, sai kawai duniya ta ɓace. Ba a hankali ba, kamar an saki farin labule. Hazo ne, amma ba irin namu na hunturu mai busar da leɓe ba, wannan jiƙaƙƙe ne, gajimare ne da kansa muka shiga cikinsa. Direba ya kunna fitila da rana tsaka yana ta danna ham a kowace kwana. Wata dattijuwa da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ɗana, rufe mana gilashin nan, da jariri a motar."

Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, wasu wuraren sun fi haka. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke kurantawa da sanyi tana wajen 1,200. Kowace mita dubu ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri shida. Na san wannan lissafin tun a makaranta, amma sai da na sauka a Maisamari da 'yar shat a jikina haƙorana suna haɗuwa na gane ma'anarsa.

A nan na yi wautar farko. Kyamarar ta yi kusan awa guda a bakin taga tana shan sanyi, na rungume ta na faɗa rumfar mai shayi, inda tukunya ke tafasa, mutane cike, tururi ya turnuƙe. Na ɗaga zan ɗauki mai shayin yana zuba ruwa daga sama, sai na ga allon fari fat. Na goge gilashin da gefen riga, ba abin da ya canza. Na sake gogewa. Ashe raɓar ba a waje kaɗai take ba, ta kwanta har a cikin gilasan, inda hannu ba ya kaiwa. Abin da ke faruwa da kwalbar lemo mai sanyi idan an fito da ita daga firji, shi ne ya faru da kyamarata: gilashi mai sanyi ya gamu da iska mai ɗumi da laima, ruwa ya kwanta a kansa. Sai da muka wuce Nguroje kafin ta washe. Maganin abin kuwa kuɗinsa bai kai na ƙosai ba. Kafin ka shiga wuri mai ɗumi, ka sa kyamarar a leda ka ƙulle tun kana waje, ka bar ta ta ɗumama a hankali, raɓar sai ta kwanta a jikin ledar. Daga ranar ban ƙara yawo ba leda a aljihu ba.

Mun isa Gembu bayan magariba. Masaukin da muka samu na wani dattijo ne, ɗakuna jere da rufin kwano, janareta daga ƙarfe bakwai zuwa goma na dare. A daren nan ni da bakina na ce wa ƙanena ya matso da bargon mu raba.

Kwana biyun farko asara muka yi, kuma ni na jawo. Sanyi ya hana mu tashi, sai wajen tara muke fitowa, mu nemi abin kari, mu shirya kaya, sha ɗaya ta yi. Kafin mu kai inda za mu kafa kyamara hadari ya haɗo. Ƙarfe ɗaya ruwa ya sauko, ba irin na Kano da zai zuba kamar da bakin ƙwarya na awa guda ya ɗauke rana ta fito ba. Wannan zai yi ƙarfi, ya koma yayyafi, ya yi kamar ya tafi, kana fito da kaya ya dawo. Rana ta biyu da la'asar ina zaune a barandar masauki, na haɗa kai da gwiwa ina lissafin kuɗin mota da na ɗaki, mai masaukin ya dawo daga masallaci da butarsa. Ya ce, "Samari, yau ba a fita aiki ba?" Na ce, "Wallahi Baba yanayin ne ya ɓaci."

Ya tsaya ya dube ni. "Wa ya ɓata shi?"

Na rasa ta cewa. Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce shi tun tasowarsa bai taɓa jin an kira ruwan sama ɓaci ba sai a bakin masu karanta labarai. Ciyawar da na zo ɗauka a hoto wa ya shayar da ita? Shanun da nake yabawa me suke ci? Ya ce, "Kai ka zo gidan ruwa, kana fushi ka tarar da maigidan yana nan." Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Sannan ya koma kan abin da zai amfane ni. A wannan watan, in ji shi, mai aikin waje da asuba yake kama aikinsa. Idan an sallame salla ka fita. Za ka tarar hazo kwance a kwarin kogi. Idan rana ta ɗan taɓa shi zai fara tashi yana hawa tuddai, tsakanin nan da hantsi shi ne rabonka. Daga azahar kuwa ranar ta ruwa ce, sai in shi ya ga dama ya bar maka.

Hirar ta yi tsawo har aka kawo mana tuwon masara da miyar kumbi, wani ganye da mutanen wurin ke ji da shi. A nan yake ba ni labarin yadda ƙaramar hukumar ta samu sunan Sardauna. Wannan yanki dā a ƙarƙashin Jamus yake, cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen Arewacin Kamarun Ingila suka zaɓi zama a Najeriya, aka sa wa lardin sunan sarautar Sa Ahmadu Bello. Shi ya sa a kasuwar Gembu za ka ji Fulatanci ya fi Hausa yawo, ga yaren Mambila, ga na Kaka, ga Panso da Kambu, kuma iyakar Kamaru ba nisa.

Rana ta uku ƙarfe shida muna kan tudu. Abin da Baba ya faɗa haka ya faru, ba ragi. Kwarin kogin Donga cike da farin hazo kamar an zuba auduga, kawunan tuddai sun leƙo sama-sama kamar tsibirai, hayaƙi na fita daga rufin gidaje. Na tsaya gaban kyamara na yi bayani na kusan minti ashirin, har ina jin kaina. Na yi maganar tsayin wurin, na nuna ɓangaren da Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can kan iyaka. Na yi maganar yadda sanyin tudun ya hana ƙudan tsando zama, abin da ya sa makiyaya suka samu wurin kamar aljannar duniya. Muka koma masauki da murna.

Da na sa abin sauraro a kunne na kunna, sai na ji kamar ana yayyaga buhu a cikin kwanyata. Bakina na motsi, hoto kyakkyawa, amma ba a jin komai sai bub-bub-bub na iska. Daga minti ashirin ɗin nan ko jimla uku ban tsira da su ba. Ni a wurin ban ma ji iskar da wani ƙarfi ba, ɗan kaɗawa ne kawai. Kunnen mutum yana tace ta, makirfo kuwa ba ya tacewa. Iskar na bugun fatar da ke cikinsa kai tsaye, kamar yaro ya samu ganga.

Duk wanda ke wannan sana'a ya sani, ko bai faɗa ba, mai kallo zai yafe maka hoto mai duhu, zai yafe maka hannu mai rawa, amma sauti mara kyau sakan goma ba zai ba ka ba. Mu kuwa duk tsoronmu a kan hoto yake, muna ta lulluɓe kyamara, mun manta da makirfo.

Soson da ke zuwa a kan makirfo numfashi kawai yake tarewa. Iskar fili sai abu mai gashi, domin gashin ne ke karya ƙarfinta kafin ta isa. Akwai irin wanda ake sayarwa, ni kuma na bar nawa a Kano cikin durowa, don ban taɓa ganin amfaninsa ba. Ƙanena ne ya kawo dabara. Muka shiga kasuwa wajen masu gwanjo, inda rigunan sanyi suka fi komai yawa, ya tono wata hular jarirai mai gashi buzu-buzu, ruwan toka, da kunnuwa biyu kamar na zomo. Muka kai wa wani tela a bakin layi. Na nuna masa ɗan makirfon da bai fi kan yatsa ba, na ce riga nake so a ɗinka masa. Ya juya shi, ya juya hular, ya ce, "Malam, na ɗinka wa mutum, na ɗinka wa kujera, na taɓa ɗinka wa doki, yau kuma ga wannan." Ya yanke kunnuwan biyu, ya kai kowanne bakin keke ya zagaye shi, ya zura roba a bakin. Minti goma, makirfo biyu sun samu riga. Har yau su nake amfani da su, na saye ɗin yana nan a durowa.

Sauran dabarun a hankali muka tsinto su. Ka juya wa iska baya, jikinka ya zama katanga. Ka maƙala makirfo a cikin wuyar rigar sanyi, ba a waje ba. In da gini ko gindin tudu, ka raɓe. Kuma kada ka yarda ka bar wuri ba ka saurari abin da ka ɗauka ba, ko da ruwa na dukanka.

Laima ma da muka saya ta zo da nata. Ta kare kyamara, amma ɗigon ruwa a kanta ya koma kiɗan kalangu a cikin sautin. Sai da muka shimfiɗa tawul a samanta, ɗigon ya riƙa faɗawa a kan laushi, aka samu sauƙi. Ƙanena ya ɗaure sandar laimar a jikin sandar kyamara da igiyar roba irin ta 'yan acaɓa, ya samu hannu biyu. Kyamarar kanta muka zura ta a leda, muka huda daidai idon, muka ɗaure da robar kuɗi. Ba kyan gani, har yara na bin mu suna nunawa, amma ko ɗigo bai shiga ba.

Rana ta huɗu muka ɗauki 'yan acaɓa biyu zuwa Kakara, inda gonar shayi take, wadda ake sarrafa ganyenta a sayar da sunan Highland Tea. Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya mayar da ita sabulu. Motocin da ke iya bin irin waɗannan hanyoyin a damina tsofaffin Land Rover ne, waɗanda a wani gari da tuni an kai su wajen 'yan gwangwan, a nan kuwa su ne sarakan hanya, ka gan su ɗauke da buhunan masara da mutane a sama suna kukan hawa. Sau biyu muka faɗi. Na biyun a kan gwiwata na sauka, na ɗaga jakar kyamara sama kamar mai ceton jariri, ɗan acaɓan na ta dariya. Ya ce, "Oga, kai ba ka tsoron karaya, kayan kake ji." Na ce ƙafa in ta karye akwai mai ɗori.

Mun isa ana yayyafi. Na so mu fake mu jira, sai na hango masu tsinkar ganye a cikin layukan shayin, kwando a baya, leda ɗaure a ƙugu, wasu da buhu a ka. Ba wanda ya ko ɗaga kai ya dubi sama. Hannuwansu na tafiya a kan shukar, suna tsinke toho da ganye biyun da ke ƙarƙashinsa, su jefa ta kafaɗa ba tare da sun waiwaya ba. Kunya ta kama ni. Na nemi izini, na gaishe da wata baiwar Allah da ta kai sa'ar Umma, na ce, "Inna, sannu da aiki, ruwan nan bai dame ku ba?" Ta ce, "In babu shi ai babu ganyen, ɗana." Ta ci gaba da abin da take yi.

A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a shekara biyun da na yi ina wannan aiki. Hasken rana tsaka mugu ne ga fuskar baƙin mutum a kyamara: goshi ya yi ƙyalli, idanu su faɗa rami, in ka gyara fuska sama ta ƙone ta yi fari. Gajimare kuwa tace hasken yake yi, ya raba shi daidai. Fuskar matar nan ta fito da kowane layi nata, koren ganyen da ruwa ya wanke ya yi kamar zai ɗiga. Ruwan kansa ba ya fitowa a hoto idan bayansa farar sama ce. Sai ka juya ka sa shi gaban wani abu mai duhu. Muka juya wajen jerin itatuwan zaiti da ke bakin gonar, sai ga zaren ruwan ya bayyana ɗaya-ɗaya. Hazo kuma yana rikita kyamara ta hanya biyu. Ta rasa inda za ta tsayar da ido, ta yi ta kai da komo, sai ka danna ka kulle mata a kan mutum. Sannan ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, hoton ya koma toka-toka, dole ka ɗan ƙara mata da hannu. Abin da muka ɗauka a cikin awa ɗayan nan ya fi duk na sauran kwanakin.

Jirgin kuwa, wanda saboda shi na ƙi ɗinkin salla, sau biyu kacal ya tashi. Wurin kusa da iyaka ne, saboda haka sai da muka gabatar da kanmu aka san da mu kafin mu tayar da shi. Tashin farko lafiya. Na biyu na ga hazo na tahowa daga nesa, na ce bari in yi sauri in ɗauko shi yana rufe gonar. Ya fi ni sauri. Allon ya yi fari, na ɗaga kai ban ga jirgi ba, ƙararsa kawai nake ji, ita ma iska na kai ta tana kawowa. Irin waɗannan ƙananan jiragen, iskar da ta wuce kamar mita goma a sakan tana fin ƙarfinsu, kuma iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce. Na danna masa ya dawo gida, na tsaya ina salati. Minti biyu da suka fi mini shekara tsawo. Sai ga shi ya ɓullo daga cikin farin, yana saukowa a karkace, jikinsa jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi a rijiya, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi a lokacin. Na cire batirin nan take, ban ƙara kunna shi ba sai a Kano.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tafiyar ba wannan ba ne. A hanyar dawowa na hango wani tudu tsirara, ba itace ko ɗaya, hadari baƙi ƙirin ya taso ta bayansa. Na ce a tsaya. Na hau har ƙololuwa na kafa sandar ƙarfe, ina ɗaukar hadarin yana tahowa, ina cewa a raina wannan shi ne zai buɗe bidiyon. Walƙiya ta yi. Na fara ƙirga, don na san sauti na cin kilomita ɗaya a kamar sakan uku. Na farko na kai goma sha biyar kafin tsawa. Na biyu tara. Ina cikin cewa saura ɗauka ɗaya, sai na ji ɗan acaɓan nan mai fara'a ya daka mini tsawar da ta fi ta sama. "Malam, sauko! Ka ajiye ƙarfen nan ka sauko!" Babu oga, babu dariya. Na naɗe kaya na gangaro da gudu, na nufi wata bishiya guda da ke tsaye a gefe, ya sake kwatsa mini, ya ce ba nan ba. Muka bar baburan muka gangara can ƙasa zuwa wani gida, suka buɗe mana zaure. Yana huci ya ce mini a irin tudun nan aradu ke kashe shanu, garke guda a tashi ɗaya, kuma ita abin da ya fi tsawo take nema. A kan tudun nan kuwa ba abin da ya fi ni tsawo, ga ƙarfe a hannu. Na ƙirga sakan daidai, lissafina bai yi kuskure ba, hankalin da zai ce in gudu tun a ƙirgen farko ne babu.

Matar gidan ta aiko mana da dafaffiyar masara da piya. Muka yi awa biyu a zauren muna jin ruwa.

Batir ma ya ba mu nasa kashin. Sanyi na rage masa ƙarfi, wanda ke yi mini awa biyu a Kano a nan da ƙyar yake wuce ɗaya, sai muka koma ajiye su a aljihun ciki, jikin fata. Awa ukun janareta kuma sai da muka yi musu tsari kamar rabon gado: batiran kyamara tukuna, sai fawa bank, waya a ƙarshe. Wayar ƙanena ta sha ruwa ta ƙi karɓar caji, tana nuna akwai laima a bakinta. Kowa a masaukin ya ce a binne ta a shinkafa. Shinkafa ba ta jawo ruwan da ke ciki, sai ma ƙura da ɓarɓashi da take turawa a kafar. Muka je wajen mai sayar da takalma, muka roƙi 'yan ƙullin nan masu kamar gishiri da ake samu a kwalin sabon takalmi, ya tara mana cikin hannu yana mamakin abin da za mu yi da shara. Muka kashe wayar, muka rufe ta da su a roba mai murfi, washegari da yamma ta karɓi caji. Ragowar na zuba su a jakar kyamara.

Rana ta biyar muka gangara bakin Donga. Ruwan ya cika ya yi jajir, masu kwale-kwale na haye da mutane da babura da buhuna. Na so mu haye mu ɗauka daga tsakiya. Na dubi ruwan, na dubi ƙanena wanda Umma ta damƙa mini, na tuna tudun jiya. Daga gaɓa muka ɗauka.

Saura bayanin nan nawa na minti ashirin da iska ta cinye. Hotunan suna nan, murya ce babu, na ce zan sake karantawa a ɗaki in ɗora a kai. To amma ɗaki rufin kwano ne, ruwa kuma ya ce bai san zancen ba, kwana yake yana duka. Da ya tsagaita wajen ƙarfe biyun dare, ɗakin kuma ya riƙa amsa kuwwa, ga ɗigo daga indararo, ɗis, ɗis. Ƙanena ya tashi zaune cikin magagi ya ce, "Yaya, shiga bargon mana." Na durƙusa a kan katifa, ya lulluɓe ni da bargon Umma ruf, ya danne gefe-gefe da filo, na shiga da makirfo da tocila da takardata. Ciki shiru kamar kabari, zafi kuma kamar Serti. Kowane minti uku sai na leƙo na shaƙi iska na koma. Kafin kiran assalatu na gama.

Da za mu sauko, tun a Maisamari na ƙulle kyamara a leda, ban buɗe ba sai da muka wuce Mayo Selbe da nisa. Ledar ta yi gumi ta waje, gilashi kuwa garau.

Sati biyu na yi ina tace bidiyon. Da na gama, kafin in ɗora, na kai wa Umma a waya tare da tsarabarta, ganyen shayi da piya da bargonta da ke ta ƙaurin hayaƙi. Ta sa tabarau ta kalla tun daga farko. Da aka zo wurin masu tsinkar shayi ta ce a mayar mata baya, ta sake kallon matar nan, ta ce, "Allah sarki, neman halak." Da aka zo wurin tudu da hadari ta dube ni ta saman tabarau, ni kuma na dubi ƙanena, shi kuma ya dubi silin. Can ta ce, "Wai wannan maganar a ina ka yi ta? Muryar ta fito tas, kamar ta gidan rediyo."

Na ce, "A cikin bargonki, Umma."

Ta ɗaga shi ta sansana, ta yamutsa fuska, ta miƙo mini. "To kai za ka wanke shi."